Tun Ran Gini, Ran Zane

Wanda ya saba bin titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Boɗinga, ya miƙe zuwa Shagari da Tambuwal, ya san yadda bakin hanyar nan ya sauya kama cikin 'yan shekarun nan. Wuraren da muka sani gonakin gero ne da dawa yanzu an yanka su filaye, an kafa duwatsun iyaka, ga tarin yashi, ga bulo an jera yana shan rana. Tun daga nesa za ka hango rufin kwano mai tsini, wani ja, wani shuɗi, wani baƙi ƙirin. Da yawa daga cikin gine-ginen nan naku ne, ƙannena da 'ya'yana: malamin makarantar da ya shekara goma yana zubin adashi, ɗan kasuwar da ke kai albasa kudu, sojan da ke turo kuɗi daga bakin daga, da yarinyar da ta sayar da saniyar gadonta ta sayi fili. Ina murna da wannan har cikin raina. Mutum ya mallaki muhallin kansa babban rufin asiri ne, kuma duk wanda ya taɓa zaman haya ya san ɗacin ranar da mai gida zai aiko a ce masa za a yi wa yaro aure, ana son ɗaki.

Sai dai murnar ba za ta hana ni gaya muku abin da idona ya gani ba.

A bazarar da ta wuce na je ganin sabon gidan wani ɗan yayata. Yaro ne mai ƙoƙari, da guminsa ya tara abin da ya tara. Tun daga ƙofa ya ciro waya ya nuna mini hoton gidan da ya kwaikwaya, wani gida ne a Abuja, ya ce ko fentin bai yarda an sauya ba. Muka tura ƙyauren ƙarfe muka shiga. An shimfiɗe filin gidan kakaf da siminti, babu ko tsiron ciyawa. Falo ƙato, tayil sai sheƙi yake, silin an yi masa ado hawa-hawa da fitilu masu sauya launi. Manyan tagogin gilashi biyu suna kallon yamma. Lokacin ƙarfe uku ne na rana, kuma babu wuta. Ba mu yi minti goma a zaune ba gumi ya jiƙe mana riguna. Na leƙa kicin, na tarar da kabad-kabad masu kyau, amma ba kowa a ciki. Matarsa tana bayan gida, a wani ɗan tsukin da bai fi kamu huɗu ba tsakanin bango da katanga, ta kafa zana tana girki da gawayi, turminta a jingine saboda babu inda za ta daka ba tare da ta fasa daɓe ba. Da dare, in ji shi, katifa suke fitowa da ita waje, sai sun kwara wa simintin ruwa bokiti uku kafin ya daina huci. Na tambaye shi me ya sa bai bar ko bishiya ɗaya ba. Ya ce, "Kawu, ai haka ake yayi yanzu."

Da la'asar na wuce cikin gari gaida mahaifiyarsa, wadda ya yi wa ɗaki na musamman a sabon gidan ta ƙi komawa. Na same ta a ɗakinta na tubali mai rufin azara, wanda aka gina tun kafin a haife shi. Ina sa ƙafa na ji kamar an zuba mini ruwa a ka. Ta ɗebo mini ruwa a randar da ke kusurwa bisa jiƙaƙƙen yashi, na sha har haƙorana suka amsa. Na ce, "Yaya, yaron nan ya yi miki ɗaki, me ya hana ki tarewa?" Ta ce, "Allah shi yi mai albarka, ya kyauta. Amma ni kam a bar ni nan, jikina bai iya wancan zahi."

Abin da ya raba ɗakunan nan biyu ba wani sirri ba ne. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana sannu a hankali, kafin zafin ya ratso ciki rana ta riga ta faɗi. Bulon siminti mai rami kuwa, musamman ɗan inci shida, nan da nan yake ɗauka ya miƙa wa na ciki. Baƙin kwano yana haɗiye hasken rana, fari ko mai haske yana mayar da mafi yawansa. Tagar da ke kallon yamma tana karɓar rana a lokacin da ta fi ƙuna, daga azahar zuwa la'asar sakaliya, gilashi kuma ya bar zafin ya shiga ya hana shi fita. A ƙasarmu, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki. Wanda ya zana gidan da ke cikin hoton nan bai zana shi don wannan rana ba, kuma ya ɗauka cewa na'urar sanyaya ɗaki za ta kwana tana aiki. Zanen aro ne, shi ya sa bai rufe katara ba.

Kada ku ɗauka ina ƙin sabon abu. A cikin yayin nan akwai alheri mai yawa, kuma wanda ya taɓa raka tsohuwa makewayi da fitila cikin ruwan sama ba zai raina banɗaki a cikin ɗaki ba. Falo biyu, na maza da na mata, tunani ne mai kyau. Sito na ajiye hatsi, raga a taga don sauro, tankin ruwa a sama, shago ɗaya ko biyu a fuskar gida don a samu na cefane, duka ci gaba ne. Sola kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareto ya gagari yawancin mutane, ta zama abin da mai hankali yake sawa a lissafi tun daga zane. Abin da nake so ku lura da shi shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sharaɗi. Banɗaki huɗu a gidan da ba shi da rijiya ko burtsatse azaba ce, domin duk dannawa ɗaya lita shida zuwa tara take tafiya da ita, ranar da ba a samu 'yan garuwa ba kuwa wari ya hana kowa sakat. Sola ƙarama tana riƙe fanka da fitila da firji, amma in gidan sai da na'urar sanyaya ɗaki yake zaunuwa, batiran da za ka saya sun kusa kuɗin wani ɗakin. Gidan da aka tsara shi ya sha iska da kansa, ɗan abu kaɗan yake nema daga gare ka.

Rufi shi ne inda na ga an fi zubar da kuɗi. Dogon rufi mai tsini yana cin katako da kwano ninkin abin da ake buƙata, a ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu kawai a shekara, kuma iskar farkon damina ta fi samun abin kamawa a jikinsa. Tsawon nasa zai yi amfani ne in an bar masa kafofi a sama da ƙasa da zazzafar iska za ta riƙa fita, amma yawanci a toshe ake yin sa ruf. Sabon yayin da ya biyo baya, wato ɓoyayyen rufi da ake zagaye shi da bango, yana da kyan gani, sai dai ba ya yi wa bango inuwa ko kaɗan, kuma magudanarsa takan cika da ƙurar hunturu da ganye, ruwan farko ya taru ya huda silin. Magabatanmu ma sun yi rufin soro mai bango, amma sun sa masa indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin gini, kuma kowace shekara kafin damina sai an hau an duba. Taga mai zamiya ita ma ku sani rabinta kawai ke buɗuwa, komai girmanta. Mai buɗewa waje kamar ƙofa ta fi ba da iska, in kuma aka yi biyu suna kallon juna, kudu da arewa, ɗakin ya samu numfashi. Wannan magana har lafiya ta shafa. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 2017 a Zamfara da Sakkwato sun ji yadda ma'aikatan lafiya suka yi ta roƙon mutane su daina cunkushewa a ɗakin da ba ya samun iska.

Akwai wani dillalin gidaje a Sakkwato da muka daɗe tare. Na taɓa tambayarsa me masu saye suka fi nema a sababbin unguwanni irin su Bado da Arkilla. Ya ce masu saye iri biyu ne. Wanda bai taɓa mallakar gida ba, da ya shigo silin yake ɗaga kai ya kalla, sai tayil, sai ƙyauren ƙofa. Wanda ya taɓa saye ya zauna ya ga bazara ya ga damina, ko kallon silin ba ya yi. Tambayarsa ta farko ita ce ruwa: akwai burtsatse, kuma yana kaiwa watan Mayu? Sai ya fita ya dubi gindin katanga ko akwai alamar inda ruwan sama ya taɓa kwanciya. Sai ya tambayi takarda. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya duba ko baƙo zai hango cikin gida. Daga nan ya zagaya baya ya auna da ido ko akwai filin ƙara ɗaki. Ya ce irin wannan mai sayen shi ne ke biyan kuɗi ba ja-in-ja in ya samu abin da yake so, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko da niyyarka ka gina ka sayar ne, to don wannan mutumin za ka yi gini. Ado yana tsufa da wuri, silin ɗin da ake rububi bana nan da shekara biyar za a ce tsohon yayi ne, amma ba a taɓa daina neman ruwa da inuwa da sutura ba.

Mu mutanen wannan yanki muna da darasi a kan gidaje wanda ya fi na kowa kusa. Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a garin nan na Shagari a 1925 aka kuma binne shi a nan a watan Disambar 2018, ya hau mulki a 1979 da alkawarin abinci da muhalli. Tambarin jam'iyyarsa ta NPN ma gida ne da masara. Gwamnatinsa ta ƙudiri gina gidaje 2,000 a kowace jiha da Abuja duk shekara, wato 40,000 a faɗin ƙasa, kuma mafi yawansu ƙanana ne masu ɗaki ɗaya da falo, don mai ƙaramin ƙarfi. Kafin sojoji su karɓe mulki a ƙarshen Disambar 1983, abin da aka kammala kimanin 32,000 ne. Har gobe a garuruwa da dama akwai unguwar da ake kira da sunansa saboda gidajen nan, kuma dubban iyalai sun samu rufin asiri a cikinsu.

Abu biyu nake so ku ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, an tsara ƙananan gidajen ne a matsayin ƙwaya, a ba ka ɗaki da falo da fili, in Allah ya hore ka ƙara. Wannan hikima ce, kuma ita ce hanyar da kakanninmu suke gini tun asali. Na biyu kuwa gargaɗi ne. A wasu jihohi, musamman inda 'yan adawa ke mulki, filin da aka samu yana can nesa da gari, ba ruwa, ba hanya, ba kasuwa, gidajen suka daɗe ba kowa sai ƙadangaru. Sannan kusan zane ɗaya aka bi daga bakin teku har bakin hamada. Je ka unguwannin nan a garuruwan Arewa ka gani da idonka: da wuya ka samu gidan da ya zauna yadda aka miƙa shi. Masu shi sun ja katanga, sun fitar da zaure, sun ƙara ɗakuna, sun kafa rumfa. Abin da zane ya manta da shi, zama ya tilasta an mayar da shi, da kuɗi na biyu.

Zauren nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Yawancin sababbin gidaje ba su da shi, ƙyauren mota ne kawai, da an buɗe sai tsakiyar gida. Ku tuna aikin da zaure yake yi. Nan maigida ke karɓar baƙo ba tare da an ta da iyali ba. Nan ake sulhu, nan ake neman aure, nan ake zaman makoki. Nan matafiyi ke kwana, nan maƙwabta ke haɗa akushi da dare. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kuma ilimin da suka bari ya ci gaba da yaɗuwa ne daga malami zuwa ɗalibi a irin wannan ɗaki, har yau karatun zaure ake ce masa. Daga zaure sai shigifa, wadda ƙofarta ba ta kallon ta zaure, don ido kada ya zarce ciki. Wannan tsari ne na mutanen da suke son baƙo kuma suke kishin iyali, suka samo hanyar da ɗaya ba zai ci haƙƙin ɗaya ba. Yau gidan da ba zaure, ko dai a shigar da kowane baƙo falo a takura wa mata, ko a tsayar da shi a rana a bakin ƙofa ana magana ta kafar ƙyaure. Na ga dattijon da ya zo gaisuwa ya rasa inda zai zauna, ya juya. Ba lallai ka yi zaure mai tulluwa da zankwaye ba. Ɗan ɗaki mai ƙofa waje da ƙofa ciki, da dakali a gabansa, da makewayi ɗaya kusa da shi, ya wadatar.

Tsakar gida ita ma haka. Fili mai ƙafa 50 da 100 ba ƙarami ba ne, amma in ka dasa gini a tsakiyarsa ka bar 'yan lunguna kewaye, ka kashe shi. Tura ɗakuna gefe, ka bar sarari a tsakiya. A nan za a yi shanya, a yi daka, a ɗaure tunkiyar layya, yara su yi rarrafe a idon uwarsu, a shimfiɗa tabarmi ranar suna, a kwana a waje cikin watan zafi ba tare da wani ya gani ba. Ka bar wani sashe ƙasa tsura, domin ƙasa tana shan ruwan sama kuma ba ta riƙe zafi kamar siminti. Ka dasa dogon yaro ko mangwaro ta yamma, ɗan nesa da harsashi, tun ranar da ka sayi filin. Kafin ka tara kuɗin rufi ya fara yin inuwa.

A nan ina da magana da ku, 'yan matana da ƙannena mata. Ku ne kuke wuni a gidan nan, amma sau da yawa sai ranar tarewa kuke fara ganinsa. Ku nemi a nuna muku zane tun kafin a haƙa harsashi, cikin ladabi da hikima irin taku. Ku faɗi inda murhu zai zauna don hayaƙi kada ya koma ɗaki, da inda ruwan wanke-wanke zai bi, da inda za a ajiye buhun gero. Ku kuma samari, tambayar mace a kan gidan da za ta zauna ba ragi ba ne ga girmanku. Mahaifiyarka ta san abin da injiniya bai sani ba game da girkin mutum ashirin ranar salla.

Wani zai ce, to mu koma ginin ƙasa ke nan? Na san aibinsa. Yana son yaɓe duk shekara, gara tana cin azara, ruwa yana zaizaye gindinsa, giginyar da ake tsaga azara ta yi ƙaranci, maginan da suka iya bakan gizo da ɗaurin guga kuma suna ƙarewa ba magada. Amma raina shi da muke yi, har ana ce wa mutum talaka don bangonsa na ƙasa ne, rashin sanin darajar abin hannu ne. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, masana gine-gine daga ƙasashen duniya suna zuwa kallonsa. Ga maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar, waɗanda tsakaninmu da su iyakar Illela da Ƙonni ce kawai. A garin Yama, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakani, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda babu kamarta a wannan fanni. Dukkansu ranarsu irin tamu ce. Hanyar da suka bi a buɗe take gare ku: harsashi na dutse da siminti ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, bango na matsattsen bulon ƙasa da ɗan siminti a ciki, rufi mai haske mai faɗin baki da zai yi wa bango laima. In ma bulon siminti za ka yi, sa ɗan inci tara a bangon gabas da yamma, ka ɗaga tsawon ɗaki, ka yi baranda.

Sai maganar aljihu. Kamfanin siminti yana nan Kalambaina, kusa da mu, tun shekarun 1960, amma kusancin bai sa buhu ya yi araha ba. A watan Fabrairun 2024 farashinsa ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin zama. Duk wanda ya fara gini da lissafin bara ya san abin da ya same shi bana. Shi ya sa kangaye suka yi yawa a bakin hanya, gida mai ɗaki shida an kai shi linta an tsaya, ciyawa ta fito a falo, mai shi kuma yana can yana biyan haya. Da ɗaki biyu ya fara, da kicin da makewayi da katanga, da tuni ya tare, kuɗin hayar ya koma bulo. Ka zana gidan gaba ɗaya a takarda, har ɗakin da za ka yi wa yara in sun girma, amma ka gina shi gaɓa-gaɓa. Daidai ruwa, daidai tsaki. In za ka tsuke hannu, tsuke a kan ado, kada ka tsuke a kan harsashi da rodi da ingancin bulo. Wani tsohon birkila ya koya mini gwaji mai sauƙi: ka kankari bulo da farce, in yashi ya zubo kamar gari, bar shi ko nawa aka rage maka. Ya ce, "Alhaji, fenti shina ɓoye ƙarya, amma damana ba ta ɓoye ta." Kuma ina roƙonku da babbar murya, kada ku sayar da gonar da ke ciyar da ku don ku yi silin da tayil. Na ga waɗanda suka yi haka, yanzu suna awon gero da tiya a cikin gida mai sheƙi.

Filin kansa kada ka saye shi da rani. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Je ka gan shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwana, ka tambayi manoman da ke kusa, su ba su da abin ɓoyewa. In filin gado ne, tabbatar an raba, kuma kowane magaji, har mata, ya yarda. A rubuta takarda gaban shaidu da mai unguwa da hakimi, sannan ka bi ta hukuma, domin tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka. Ka nisanta ramin masai daga rijiya, taka da ta maƙwabcinka, gwargwadon yadda fili ya ba da dama. Kada ka ci hanya ko da taku ɗaya, kada ka juya kwatarka ƙofar wani, in kuma bene za ka yi, dubi inda tagoginka za su leƙa. Maƙwabcin nan shi zai fara zuwa ranar da ka yi ihu.

Ɗan yayata ya kira ni bayan damina. Ya ce ya fasa simintin tsakar gida ta yamma ya dasa dogon yaro biyu, ya yi wa tagogin falo rumfa, yana kuma tara kuɗin da zai fitar da zaure a inda ya yi niyyar ajiye mota ta biyu. Na sa masa albarka. Amma gyaran nan duka da kuɗi na biyu yake yin sa, kuma akwai abin da ba zai gyaru ba sai an rushe.

Kai da ba ka fara ba tukuna, ina roƙonka abu ɗaya kafin ka sayi buhun siminti na farko. Ɗauki tabarma ka je filin nan naka a watan Afrilu, ka zauna daga azahar zuwa la'asar, ka ga ta inda rana ke dukanka da ta inda iska ke zuwa. Ka koma da mahaifiyarka ko matarka, da wani tsohon magini na garinku, ku zana gidan a ƙasa da kara, ku taka shi ɗaki-ɗaki. Bayan nan sai ka kira mai zanen takarda ka gaya masa abin da kuke so. Allah ya hore muku na halal, ya sa ku shiga lafiya.